GWANJON DAWAKIN TSERE: Yadda Ake Yanke Farashin Dukushi A Ƙetare, Da Abin Da Ya Shafi Fataken Agege

LEGAS – Duk wanda ya san harkar dabbobi a yankin Agege, Ogba da Oko-Oba ya san cewa shanu, tumaki da awaki su ne ƙashin bayan cinikin da ke tsakanin Arewa da birnin Ikko. Amma a gefen wannan babbar harka akwai wata ƙarama wadda ba a cika maganarta ba, alhali kuɗin da ke cikin kai ɗaya nata kan ninka na garke guda. Wannan ita ce harkar dawaki. Masu wasan folo na Ikoyi, da gidajen da ke hawa a bikin Ojude Oba na Ijebu Ode, da masu ba da hayar doki a bakin teku, duk sun dogara ne da dawakin da ake kawowa daga Arewa ko daga ƙetare, kuma yawancin masu barga da dillalan da ke tsakani Hausawa ne.

A ƙasashen da tseren dawaki ya zama masana'anta, ana sayar da dukushin da ba a taɓa ɗora wa sirdi ba a kan miliyoyin daloli, a bainar jama'a, cikin 'yan mintoci. Wannan bayani zai duba yadda wannan gwanjo yake gudana, dalilin tsadarsa, haɗarin da ke cikinsa, da kuma inda ya bambanta da cinikinmu na gida.

Asalin dokin da ake gwanjonsa

Irin dokin da ake magana a kansa shi ne wanda Turawa ke kira Thoroughbred, wato dokin tsere mai rubutaccen asali. An samar da shi a Ingila tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, ta hanyar barbarar goɗiyoyin ƙasar da ingarmun da aka shigo da su daga Gabas. Ta wajen uba, dukkan waɗannan dawaki a yau suna komawa ne ga ingarmu uku: Byerley Turk, Darley Arabian da Godolphin Arabian.

A shekarar 1791 James Weatherby ya fara buga littafin rajistar asalinsu, kuma har yanzu gidan Weatherby ke riƙe da littafin na Ingila da Ailan. Ƙa'idar ita ce, ba a shigar da dukushi sai uwarsa da ubansa suna ciki. Haka kuma ba a yarda da barbarar allura ba. Dole ingarma ya hau goɗiya da kansa. A yau ana tabbatar da asali ta gwajin ƙwayar halitta, a kuma sa wa kowane dukushi wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambarsa.

Ta fuskar tattalin arziki, waɗannan ƙa'idoji suna yin aiki biyu. Na farko, suna taƙaita yawan hajar, domin ingarma ɗaya ba zai iya hawan goɗiyoyi marasa iyaka a shekara ba, ita kuma goɗiya wata goma sha ɗaya take ɗauke da ciki ta haifi ɗa guda. Na biyu, suna ba mai saye tabbacin abin da yake saye. Ƙarancin haja da tabbacin asali su ne ginshiƙan farashin.

Manyan kasuwanni

Gidan gwanjo mafi daɗewa shi ne Tattersalls, wanda Richard Tattersall ya kafa a Landan a 1766, yanzu kuma yake gudanar da harkarsa a garin Niyumaket. A Amurka akwai Keeneland a birnin Lezintin na jihar Kentaki, da kuma Fasig-Tipton. A Ailan akwai Goffs, a Faransa akwai Arqana, a Ostareliya akwai Magic Millions da Inglis. A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce ke da tsayayyen gwanjon dukusai na shekara-shekara.

Gwanjon watan Satumba na Keeneland shi ne mafi girma a duniya wajen 'yan shekara ɗaya. Ana shafe kusan mako biyu ana yinsa, ana shigo da dukusai dubbai, kuma cinikin 2024 ya haura dala miliyan 400. A Tattersalls har yanzu da gini ake taya doki, wani tsohon ma'aunin kuɗi da ya yi daidai da fam ɗaya da kwabo biyar. Ke nan dokin da aka sallama a gini 100,000, fam 105,000 mai saye zai biya. A al'adance wannan ɗoriya ta kwabo biyar ita ce la'adar mai gwanjo.

Ana sayar da dukushi a matakai uku. Akwai wanda aka yaye bai cika shekara ba. Akwai ɗan shekara ɗaya, wanda shi ne tsakiyar kasuwar. Akwai kuma ɗan shekara biyu da aka fara hora, wanda ake sa shi ya yi ɗan gajeren gudu a gaban masu saye, a auna da agogo, kafin a shiga taya shi. Wani abin lura shi ne, a ƙasashen arewacin duniya duk dokin tsere yana ƙara shekara ne a ranar 1 ga Janairu, ko yaushe aka haife shi, a Ostareliya da Afirka ta Kudu kuwa ranar 1 ga Agusta. Saboda haka makiyaya ke ƙoƙarin goɗiyoyinsu su haihu a farkon shekara, domin dukushin Fabrairu ya fi na Mayu ƙiba da girma a ranar gwanjo.

Yadda ciniki ke gudana

Makonni kafin ranar, gidan gwanjo kan fitar da kundi. Kowane dukushi yana da shafi guda mai nuna ubansa, uwarsa, kakanninsa, da nasarorin da danginsa suka samu, inda ake rubuta sunayen waɗanda suka ci manyan gasa da baƙin rubutu mai kauri. Shafin da baƙin ya yi yawa, farashinsa sama yake.

Daga nan masu saye da wakilansu su zo barga. A fito da dukushi, a tsayar da shi, a yi tafiya da shi gaba da baya, a dubi miƙewar ƙafafu, faɗin ƙirji, ƙarfin ɗuwawu da yadda yake taka ƙasa. Likitocin dabbobi kan duba hotunan ƙasusuwansa da aka ajiye a wani ɗaki na musamman, su kuma zura na'ura su leƙa maƙogwaronsa, domin dokin da numfashinsa ke da tangarɗa ba ya kai ƙarshen fage.

Mai doki yana da damar gaya wa gidan gwanjo a asirce mafi ƙarancin kuɗin da zai sallama. Idan tayi bai kai nan ba, dokin ya koma gida. Wannan shi ne “albarka” irin tasu. Idan kuwa ya kai, mai gwanjo ya buga guduma, daga wannan lokaci dokin ya shiga hannun mai saye, riba ko asara. Amma sharuɗɗan gwanjo kan ba da 'yan kwanaki na mayar da doki in an gano wasu aibobi da aka lissafa waɗanda ba a bayyana ba.

Akwai kuma 'yan sari. Su ne masu sayen yayayyen dukushi su kiwata shi wata tara ko goma su sayar da shi yana ɗan shekara ɗaya, ko su sayi ɗan shekara ɗaya su hora shi su sayar yana ɗan shekara biyu. Sana'arsu ba ta da bambanci da ta mai sayen ɗan rago bayan Sallah ya turke shi don layya mai zuwa, illa dai jarin da girman haɗarin.

Me ake saye da waɗannan miliyoyi?

Kuɗin gasa kaɗai ba zai bayyana waɗannan farashi ba. Yawancin dawakin tsere ba sa cin abin da zai biya kuɗin cinsu da horonsu, balle kuɗin sayensu. Abin da manyan masu saye ke hari shi ne kuɗin barbara. Dukushin da ya ci manyan gasa yana ɗan shekara uku ko huɗu, sai a janye shi daga fage a mai da shi uban garke. A 2024 kuɗin hawa ɗaya na ingarman nan Frankel na Ingila fam 350,000 ne, kuma irinsa kan hau goɗiyoyi fiye da ɗari a shekara. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa.

Sai dai dukushi ɗaya ne cikin ɗaruruwa ke kai wa wannan matsayi, kuma babu mai iya nuna shi da yatsa tun yana ƙarami. Tarihin kasuwar cike yake da misalai. A 1983 an sayi Snaafi Dancer a Keeneland a kan dala miliyan 10.2 don Shaihu Muhammad bin Rashid na Dubai. Dokin bai taɓa shiga tsere ba, kuma da aka kai shi barbara aka tarar ba ya da yawan haihuwa. A 1985 aka sayi Seattle Dancer a dala miliyan 13.1, bai kuwa ci ko kusa da wannan kuɗi a fage ba. A 2006 The Green Monkey ya kai dala miliyan 16 yana ɗan shekara biyu, ya shiga tsere sau uku bai zo na ɗaya ba ko sau guda.

A ɗaya gefen, a 1975 an sayi Seattle Slew a dala 17,500 kacal, a 1977 ya lashe manyan gasa uku na Amurka a jere. Shi kuwa Northern Dancer, wanda jininsa ya mamaye dawakin tsere na duniya, an sa masa dala 25,000 a Kanada a 1962 babu wanda ya ɗauka.

Daɗin daɗawa, kasuwar tana bin iskar tattalin arziki fiye da sauran kasuwannin dabbobi, tun da doki ba abinci ba ne. Bayan hauhawar farkon shekarun 1980, wadda gasar attajiran Dubai da na Birtaniya da Ailan ta rura, farashi ya faɗi a ƙarshen shekarun, bayan Amurka ta sauya dokar harajinta a 1986. Ya sake faɗuwa bayan rikicin kuɗi na 2008.

Kasuwarmu ta gida

Hausawa ba baƙi ba ne ga tsadar doki. Tun ƙarnoni da suka wuce ake shigo da dawaki ƙasar Hausa da Barno daga Azbin, da Arewacin Afirka, da gabas ta hanyar Wadai, kuma kowace fada tana da Shamaki mai kula da barga. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa wasan folo a masarautarsa, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a wasan har ƙetare. A Legas an kafa kulob ɗin folo a 1904. Birnin ya taɓa mallakar babban filin sukuwa, inda aka yi bikin samun 'yancin kai a ranar 1 ga Oktoba, 1960, kafin a mai da shi Dandalin Tafawa Ɓalewa a 1972. Tun daga nan tsere ya ja baya a Legas, ya bar ƙarfinsa a Kano, Katsina, Sakkwato, Zazzau, Bida da sauran garuruwan Arewa, da kuma Yamai da Maraɗi a Nijar.

Kudu ba ta kiwon doki saboda ƙudan tsando da cutar sammore da kuma laima. Don haka Legas mai saye ce kullum. Dawakin na fitowa ne daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari a Jigawa, mai ci ranar Alhamis, da Mai'aduwa a Katsina, mai ci ranar Lahadi, wasu kuma daga Cadi da Sudan, su yi tafiyar kimanin kilomita dubu a mota kafin su iso. Manyan 'yan folo kuwa daga Ajantina da Afirka ta Kudu suke sayo nasu.

Tsarin cinikin shi ne wanda aka gada tun lokacin da layin dogo ya isa Kano a 1911, fataken goro da na shanu suka kafa zango a Agege. Falke ya sauka wurin maigidansa, dillali ya nemo mai saye, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a fitar da la'ada. Dillali shi ne shaida, shi ne kuma lamuni in an ba da bashi. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda ya nuna cewa amana ce ke maye gurbin takarda.

Dillalin doki na gida yana da sani mai zurfi. Yana karanta shekaru a haƙori, ya san cewa haƙoran gaba na girma kan fara fitowa a shekara biyu da rabi, su cika a shekara biyar. Yana duba kofato, da gwiwa, da baya ko sirdi ya taɓa ci. Launi ma yana da farashi, tsakanin akawal, kili, bidi, hurde da danda, musamman ga mai neman dokin hawan Sallah. Abin da ba shi da shi shi ne rubutu. Idan aka ce dukushi ɗan wane ingarma ne, maganar baki ce kawai.

A nan ne asarar take. Inda mai saye ba zai iya tantance asali ba, ba zai biya farashin asali ba. Zai biya matsakaicin farashi ne don ya kare kansa. Makiyayin da ya kashe kuɗi ya nemi ingarma nagari sai ya ga dukushinsa ya tafi kusan daidai da na wanda bai wahala ba. Sannu a hankali sai a daina wahalar. Shi ya sa dukushi a wurinmu ba ya yin tsada sai ya girma ya nuna kansa a fage, alhali a can tun yana shan nono yake da daraja.

Bambanci na biyu shi ne tushen kuɗin gasa. A Turai da Amurka kaso mai yawa yana fitowa ne daga caca, abin da addini da al'adar masu dawakinmu ba su yarda da shi ba. A nan, kyaututtuka daga sarakuna, gwamnatoci, kamfanoni da attajirai suke fitowa, kuma ba su da tsayayyen adadi daga shekara zuwa shekara. Wanda ya sayi dokin tsere a Nijeriya, girma da sha'awa ya fi saye, ba kuɗin shiga ba.

Lissafin mai shigo da doki

Ga wanda ke tunanin sayo dukushi daga gwanjon ƙetare, akwai abubuwa uku da ya kamata ya auna.

Na farko shi ne canji. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. A ƙaddara dukushi na dala 20,000 ne. A tsohon farashi naira miliyan 9.2 ke nan, a na biyu kuwa miliyan 30, ba a sa kuɗin jirgi, inshora, killacewa da kwastan ba. Kuma tsakanin saye da fara tsere akwai aƙalla shekara guda ta ci da horo ba tare da shigar ko kwabo ba.

Na biyu shi ne cuta. Cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, tana iya kashe tara cikin goma na dawakin da jikinsu bai san ta ba. Dokin gida yana da ɗan juriya, baƙon doki ba shi da ita sai da rigakafi da barga mai raga. Wannan cuta ce kuma ke toshe hanyar komawa, domin ƙasashen Turai da Amurka suna da tsauraran sharuɗɗa kan dawakin da suka fito daga inda take. Ke nan dokin da ya shigo, kasuwarsa ta sake sayarwa ta taƙaita ga Nijeriya da maƙwabta.

Na uku shi ne hanya. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, da yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023, duk sun taɓa hanyoyin da dawaki ke bi. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota, tsadar gero, dusa da harawa kuma ta fi tsanani a Legas, inda shi kansa abincin dokin daga Arewa ake kawo shi.

Ko gwanjo zai karɓe mu?

Ta fuskar shari'a, malaman fiƙihu sun halatta cinikin ƙari, wato a sa haja a fili kowa ya taya, wanda ya fi ya ɗauka. Abin da aka haramta shi ne najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba don yana son saye ba sai don ya ruɗi wani. Haka kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da dabba in an ɓoye masa aibi. Waɗannan su ne matsalolin da gidajen gwanjon ƙetare ke fama da su har yau, inda ake zargin wasu da sa 'yan koren da za su ɗaga tayi, ko wakili ya karɓi la'ada daga ɓangare biyu.

Amfanin gwanjo shi ne yana fito da farashi fili, makiyayin Maigatari ya san abin da attajirin Ikoyi ya biya. Amma gwanjo ba tare da rajista ba, tsohon cinikin ne aka ƙara masa guduma. Abin da ya kamata ya fara zuwa shi ne littafin asali na dawakinmu, wanda ƙungiyoyin sukuwa da na folo da majalisun masarautu za su iya buɗewa tare, da shaidar lafiya daga likitan dabbobi, da tsayayyen jadawalin gasa. Akwai hukumomin da aikin ya shafa: Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024. Shigar da hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da hukumar UNESCO ta yi a Disamban 2024 ya ƙara jawo ido ga dokin Hausa.

Dillalan Agege da Ogba ba za su rasa aiki a irin wannan tsari ba. A Niyumaket da Kentaki ma, yawancin manyan masu saye ta hannun wakilai suke taya doki, domin takarda tana faɗin iyaye ne, ba ta faɗin yadda dukushi yake taka ƙasa. Wanda zai fi cin moriya shi ne dillalin da ya haɗa sanin haƙori da kofato da iya riƙe rubutaccen bayani kan kowane dokin da ya bi ta hannunsa: inda aka haife shi, wa ya haife shi, allurar da aka yi masa, da farashin da aka sallama shi.